Ruwan Jegon da Na Ƙi Surkawa

Malam mai kula da wannan shafi, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. Tsohuwa ce ke rubuto maka daga Damagaram, bokon ma da girma na koye shi, sai a yi haƙuri da hannuna. A shekarun da Faransawa ke shirin tattara kayansu su bar ƙasar nan, ni matar wani majemi ce a cikin Birni, ban kai talatin ba, kuma abu guda aka san ni da shi a unguwarmu, wato wankan jego. In mace ta haihu ba ta da uwa a kusa, ni ake aiko wa. Ina da ƙarfi, ba ni da sanya a kan aiki, ga baki. Mata kan ce wadda na yi wa wanka ba ta ciwon baya har ta tsufa, ni kuwa in ji daɗi, kaina ya ƙara girma. Abin da ba na so a tuna mini shi ne ni ban taɓa haihuwa ba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin miji, ko ɓari ban yi ba. Ke nan ruwan da nake sheƙa wa 'ya'yan mutane bai taɓa sauka a jikina ba ko sau ɗaya. Tafin hannuna kuwa aikin murhu ya riga ya kashe shi, ina iya ɗaukar garwashi in kai wani murhun ban yarfe ba, kuma da wannan hannun nake auna zafin ruwa.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da ƙanwata, shekara tara ke tsakaninmu. A Tirmini aka haife mu. Innarmu ta rasu kwana ashirin da haihuwar ƙanwar tawa. Ƙafafunta suka fara kumbura, sai ciki, sai fuska, daga nan numfashi ya gagara. Ina rakuɓe a bakin ƙofa na ji tsofaffi suna cewa sanyi ne ya shige ta, wai an yi ƙyashin itace, ruwan wankanta bai yi zafi ba. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji, na girma da ita. Gwaggonmu da ta riƙe mu ita ta koya mini aikin, kullum tana nanata mini kada in kuskura in saurari kukan mai jego, don in na sassauta mata yau, gobe ni zan yi kukan.

Ƙanwata ta yi aure a Zango, mijinta direban kamiyo ne mai kai gyaɗa Kano, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Da cikinta na fari ya tsufa, gwaggo ta riga ta rasu, sai ta dawo wurina goyon ciki, ni ce uwa, ni ce yaya. Yarinya ce mai sanyin hali, mai yawan dariya, tun tana ƙarama son jarirai gare ta. Da hannunta ta kaɗa zare ta kai wa masaƙi ya saƙa mata majanyi fari mai baƙin layi. Sai ta ɗaure matashin kai a baya da majanyin, tana zagaya tsakar gida tana jijjigawa, wai tana koyo. Nakan ce mata ta dai bari a haifa tukuna, sakarya, ita kuwa ta ce Yaya ki ƙyale ni, bayana ƙaiƙayin goyo yake yi. Ta sauka lafiya bayan kaka, a shekarar da aka jefa ƙuri'ar eh ko a'a, ɗari ya fara shigowa. 'Ya mace ta samu.

Kwana bakwai na farko na yi aikina yadda na saba. Rabin tano, wato durom, nake ɗorawa a wuta da ganyen sabara da na tsamiya, in ya tafasa in juye a babbar tukunya, ya ɗan sha iska, in zaunar da ita a kan turmi, in tsoma ganyen in yi ta fyaɗa mata, safe da la'asar. In an gama, ga kunun kanwa da nama mai yaji, sannan ta kwanta a gadon ƙasa, irin mai rami a ƙarƙashi da ake zuba wa garwashi. Fatarta ta yi jajir, tana raɗaɗi, tana saɓa kaɗan-kaɗan. Ranar suna mata suka yi ta yaba mini, wai mai jego ta gasu da kyau, na iya aiki. Ban san wannan jan ma ƙuna ce ba, ni a wurina alamar lafiya ce.

Kwana biyu bayan suna, na zo ɗaura mata zane sai na ga ƙafarta ta ɗan tasa. Na danna da yatsa, wurin ya loɓa. Wallahi a take na ga Inna kwance. Na ce a raina sanyi ya samu ƙofa, kuma laifina ne, na yi sakaci don 'yar'uwata ce. Washegari da hantsi na ƙara itace, ban juye ruwan a tukunya ba, ban bar shi ya sha iska ba, na janyo tanon kusa da turmi yana ɓararraka. Fyaɗawar farko ta zabura ta riƙe mini hannu, ta ce Yaya yau ruwan ya yi yawa, don Allah in surka mata ko ƙwarya ɗaya. Na fizge hannuna. Na ce mata raki ne, na yi wa mata fiye da ashirin wanka babu wadda ta mutu, in tana so ta bi Inna ta bar mini marainiya to ta faɗa mini. Da ta ji haka sai ta cusa bakin zane a baki, don akwai maza a zaure, abin kunya ne a ji muryar mai jego. Da na ga ganye ba ya kai ruwan yadda nake so, sai na ɗebo da ƙwarya na kwarara mata daga kafaɗar dama zuwa ƙugu. Sau biyu na yi.

Kafin in kai ta ɗaki bayan ya tashi bororo, manya-manya, cike da ruwa. Jikinta na karkarwa, haƙoranta na haɗuwa. Ta dubi randa ta roƙe ni in zuba mata ruwan sanyi, ta ce ji take wutar na ci har yanzu a cikin namanta. Na ce a'uzubillahi, ruwan randa a jikin mai jego? Ko sha ban yarda ta yi ba sai na ɗumi. Na ɗauko allura na farfasa bororon, wai mugun ruwa ne yake fita. Na shafa man shanu, na barbaɗa toka, na lilliƙa gashin zomo, kamar yadda na ga ana yi wa yaro in ya faɗa wuta. Karkarwar nan kuma na ɗauke ta shaidar sanyi, sai na ƙara garwashi a ƙarƙashin gadon, na kwantar da ita rigingine don zafi ya ratsa bayan. Ta galabaita, barci ko suma ya ɗauke ta, daga azahar har la'asar ba ta juya ba. Ni ina waje ina wankin tsummokaran jaririya, ina murna ta samu barci. Da na zo tashinta, tabarmar ta manne da bayan, sai da na ɓanɓare.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi duka. Gefe-gefen ƙunar ja ne, yana tsattsafo da ruwa, ko iska ta taɓa sai ta yi ƙara. Amma tsakiyar bayan, daga allon kafaɗa zuwa ƙasa, ya yi fari-fari, ya bushe, ya yi tauri. Na taɓa na tambaye ta ko da zafi, ta ce nan kam ba ta jin komai. Na ce alhamdu lillahi, tsakiya ta tsira, gefen ne kawai ya ƙone. Na yi ta fama da gefen da ke ciwo, na ƙyale wurin da ya yi shiru. Matan da suka zo barka na ce musu mai jego na barci. Gidan likita bai fi tafiyar da zan yi in dawo kafin tuwo ya nuna ba, amma mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma maza ne a can za su buɗe ta. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina. Na gaskiyar kuwa, ina tsoron a ce gwanar wanka ta dafa ƙanwarta.

Kwana shida na ɓoye ta. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ya ɗauke, nono ya ƙafe, jaririya na ta tsala kuka. Ɗakin ya soma wari, na yi ta turare. Maigidana mutum ne marar yawan magana, kuma namiji ba ya shiga ɗakin jego. A rana ta shidan ya dawo daga majema cin abincin rana, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hanci. Ya kira ni gefe ya ce shekara ashirin yana cikin fatu, ya san warin fatar da ta lalace tun ba a jeme ta ba, kuma warin nan daga ɗakin yarinyar nan yake fitowa, in faɗa masa gaskiya. Na fara kame-kame, ya ce in ban buɗe labulen ba shi zai buɗe. Da ya gani bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya fita ya kira abokan aikinsa uku, aka kwantar da ita rub da ciki a kan gadon kara, aka lulluɓe ta, suka ɗauka a kafaɗa. Muna ratsa lungu mutane na miƙewa suna salati, sun zaci gawa ce. Ina biye da jaririya a hannu, ban iya ce musu tana da rai ba, don ni ma ban tabbata ba.

A gidan likita wani dattijo ya karɓe mu, babban ma'aikacin jinya da ake ce wa majo. Sai da ya jima yana jiƙa bayan yana tsince gashin zomo ɗaya-ɗaya, ita tana nishi. Da ya gama ya yafuto ni. Ya ɗauki allura ya taɓa jan wurin, ta zabura. Ya soka a farin wurin, ko motsi ba ta yi ba. Na yi sauri na ce ai nan lafiya lau yake, ba ya mata ciwo. Ya dube ni irin duban wanda ya gaji da jin magana ɗaya. Ya ce baiwar Allah, ƙuna hawa uku ce. Akwai wadda ke tsayawa a saman fata, ta yi ja ta yi raɗaɗi, kwana kaɗan ta wuce. Akwai wadda ke shiga ciki ta tayar da bororo, ita ta fi kowacce zafi, amma in ba a farfasa ta an zuba mata ƙazanta ba tana warkewa. Sannan akwai wadda ke cinye fatar gaba ɗaya har da jijiyoyin da ke sa mutum ya ji ciwo, ta bar wurin fari ko baƙi. Ita ba ta ciwo don babu abin da ya rage da zai ji. Da ya ji maigidana majemi ne, sai ya ce masa ya taɓa ya faɗi abin da hannunsa ya ji. Maigidana ya taɓa, ya sunkuyar da kai, ya ce ƙirgi ne, busasshiyar fatar da ta riga ta mutu.

Majo ya ce ba zurfi kaɗai ake dubawa ba, har da faɗi. Ya buɗe tafin hannun ƙanwata yana gwadawa a sama da ƙunar, ya ƙirga ya wuce goma. Ya ce fata ita ce murfin jiki, in ta tafi da yawa haka ruwan jiki ke tsiyayewa, shi ya sa ƙishirwa da ɗaukewar fitsari da nono, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Ya ce ƙunar da ta taɓa fuska ko hannu ko gaɓa ko hammata, ko ƙarama ce, babba ce, ga ta nan kuwa ta shiga hammatar dama. Ya ce ruwan ne ya fara, amma gadon ne ya ƙarasa, don abu mai matsakaicin zafi in ya daɗe manne da fata yana yin ɓarnar da harshen wuta ke yi. Sai ya tambaye ni, lokacin da abin ya faru, ko mun zuba mata ruwan sanyi. Na ce a'a, mai jego ce. Ya ce da a take an yi ta kwarara mata ruwan randa mai tsabta, an daɗe ana yi, an rufe da wankakken zane an kawo ta, da mafi yawan bayan nan ya tsira. Ƙanwata na kwance fuskarta na kallon bango, ta ji duk abin da ya ce. Ba ta juyo ba.

Wata huɗu ta yi rub da ciki. Lokotoron, wato likitan, wani Bature, ya yi ta yanke mataccen naman, ana wanki ana naɗe bandeji, kukan da ta hana kanta a gidana duk ta yi shi a can. Sau biyu muka fid da rai. Arba'in ɗin da na ƙi fito da ita dominsa a kan gadon likita ya same ta, babu kunun arba'in, babu kitso, babu lalle. Mijinta ya dawo daga Kano ya tarar da haka, ya tambaye ta yadda aka yi, ta ce masa tsautsayi ne, santsi ya kwashe ta ta faɗa kan tano. Ina tsaye ta faɗi haka, kuma na bar ƙaryar ta zauna. Jaririya kuwa wata maƙwabciya mai shayarwa ta taimaka mana, muka haɗa da nonon akuya. Kullum ni ke goya ta in kai ta ganin uwarta, da farin majanyin nan mai baƙin layi, don ita ta ce in ɗauka kada ya zauna a banza. Mata a hanya suna ce mini kai, goyo ya yi miki kyau, Allah ya ba ki 'ya daga sama. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wani lokacin nakan ji daɗin maganar.

Ta fito da rai, amma bayan ya warke a tamuƙe, yana sheƙi, babu gumi, ga ƙaiƙayi in bazara ta yi. Tabon hammata ya janye hannun dama, ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Kwana uku da komawarta gida ta ce in ɗora mata 'yarta. Na ɗora, na ɗaure majanyin a hankali. Ta yi taku bai fi goma ba a tsakar gida tana murmushi, yarinya ta motsa ƙafa, fatar ta tsage, jini ya ɓata farin majanyin. Ta sake gwadawa bayan wata biyu, haka. Ta sake bayan shekara, haka. Ranar da aka ce ƙasa ta samu 'yanci, gari ya cika da kiɗa, mata suka fito kallo kowacce da goyonta. Na biya mata Zango da yarinyar a bayana, na ce ta taso mu je. Ta ce mu je kawai, ita turereniya ba ta yi mata, kada a goge ta. Ta gyara wa 'yar ɗankwali, ta ja majanyin ta ƙara tsuke mini shi da hannun hagu, ta koma ta zauna a bakin ƙofa.

'Ya'ya huɗu ta ƙara haifa, babu wanda ya hau bayanta. A kwiɓin hagu take saɓa su, in za a yi nisa sai an nemo mai goya mata. 'Yar farin ta shaƙu da ni har aka bar mini ita, mutane suka ce ai daidai ne, ɗan fari da ma na dangi ne, uwa kunyarsa take ji. Al'ada ta rufa mini asiri, amma ni na san ba kunya ba ce ta raba su. Yarinyar ta tashi tana kirana Inna. Na bar wankan jego tun daga shekarar, in an aiko in ce hannuna ke ciwo. Tsawon zamanmu ƙanwata ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin neman gafara da baki ba, sai dai in yi ta yi mata hidima kamar baiwa. Sau ɗaya tak ta nuna mini ba ta manta ba. Ranar da 'yar tamu ta yi haihuwar fari, na miƙe zan ɗora ruwa, sai ta dafa ni ta ce Yaya ki huta, ke ki dama kunu, wankan ni zan yi. Da hannu ɗaya da rabi ta yi shi kwana arba'in, tana gwada ruwan a cikin damtsenta, tana tambayar yarinyar ko ya yi mata.

Na gaji da ɗaukar wannan abu ni kaɗai, shi ya sa na rubuto. Ban ce a bar wankan jego ba, ni wa zai saurare ni. Amma don Allah mata, ruwan ɗumi ya isa, kuma wadda ake zuba wa ita ta san zafinsa, ba mai zubawa ba. In ta ce ya yi yawa, to ya yi yawa. In ƙafar mai jego ta kumbura, likita za a kai ta, ba itace za a ƙara ba. In ƙuna ta samu mutum, ta ruwa ce, ta mai ce, ta garwashi ce, a fara da ruwan sanyi mai tsabta a daɗe ana zubawa, ko da mai jego ce. Kada a fasa bororo, kada a sa toka ko man shanu ko gashin zomo. Wurin da ya yi fari ko baƙi ya daina ciwo, shi za a fi tsoro. Kuma kada jin kunyar mutane ya sa a ɓoye majinyaci ko na yini ɗaya, ni kwana shida na ɓoye tawa don a ci gaba da ce mini gwana.

Bara ta riga ni, ita da take ƙarama. Kafin ta cika ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka. Aka kawo ruwa a bokiti yana ɗan tururi, muka juya ta, na ga bayan nan da na yi shekaru ina kauce wa kallonsa. Ban san lokacin da na naɗe hannun riga na tsoma damtsena a ruwan ba. Na ce wa matar da ke taya ni ya yi zafi, ta miƙo mini na randa. Ta ce haba Inna, ai ba za ta ji ba. Na ce na sani, ta dai miƙo. Ƙwarya ɗaya na zuba, wadda ta roƙe ni tun tana 'yar shekara ashirin.